Ranar da Muryata Ta Riga Ni Zuwa Kasuwar Kebbe

A gaban Ta Sanyinna na fara gane akwai abin da ya lalace. Tun da aka kawo ni Kebbe amarya a wurin matar nan nake sayen daddawa da kuka, kuma tun da na sami ciki ba ta taɓa bari na wuce ba sai ta tsokane ni a kansa, tana cewa da gani mace zan haifa mai tsiwa irin uwarta. Ranar na tsaya na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na sake gaisuwa, sai ta ja murfi ta rufe ƙwaryarta kamar ƙuda ne ya zo. Matan da ke gefenta suka yi tsit gaba ɗaya, wata ta jawo ɗanta ta tura shi bayanta. Ina tsaye ina duba jikina ko zanina ne ya ɓaci, sai daga rumfar masu gyaran waya na ji babura na ruri, shanu na gudu, bindiga na tashi, wata mace kuma ta kurma ihu tana kiran Inna. Sai na ce wa kaina, ai wannan muryata ce.

Maryama, ke ce a cikin nan da ake tsokanata da shi. Yanzu kina rarrafe, ni kuma ina rubuta miki wannan. Ina rubutawa ne don na san garin nan. Wata rana za ki yi faɗa da wata yarinya a makarantar allo, ta ce miki ai uwarki an taɓa kai ta daji, ko ta faɗa miki abin da ya fi wannan muni. To ki sani ba a kai ni daji ba. Iyakar inda aka kai ni ɗakin hatsin kakanki ne a Tambuwal, wanda ya kai ni kawunki Nasiru ne, makamin da ya riƙe kuma ɓera ne. In kin yi dariya ban hana ki ba. Ni dai har yau ban yi ba.

Yaya Nasiru shi ne babba a ɗakinmu. Baba, da yake sayar da gero da dawa a kasuwar Tambuwal, ya tura shi karatu yana jiran ya dawo ma'aikaci. Sai ya yi shekaru a kudu ya dawo da kwamfuta, da makirfo, da wata lanƙwasasshiyar algaita ta ƙarfe mai ƙyalli da yake kira saksofon. Ya ce zai fitar da albam ɗinsa na farko, wani kiɗan ƙasar waje ne mai suna jaz da aka gauraya da irin kiɗan da ake sa wa fim, wanda kan sa gaban mutum ya faɗi tun kafin mugu ya fito. Ya ce ya dawo gida ne don sautin gida yake so a ciki. Ba na manta ranar da ya zaunar da Baba a zaure ya kunna masa.

"To wanga kiɗi naka, ƙaƙa aka rawatai?" in ji Baba.

"Ba a rawa da shi, Baba. Saurare kurum aka yi."

"Waƙar fa?"

"Babu waƙa."

"Ba rawa, ba waƙa. To mi ya rage?"

"Fim na, Baba, amma na kunne. Ka rufe ido ka ga abin da kiɗin shika nuna ma."

"Ni in na rufe ido barci nika yi."

Inna kuwa daga madafa ta ce ita dai a daina busa abin nan da hantsi, don akuyarta ta daina ba da nono.

Duk da haka suka ƙyale shi, don Yaya mutum ne da in ya sa abu a gaba sai kowa ya gaji ya bi shi. Ya ƙwace ɗakin hatsi ya mai da shi wurin aiki, wai buhunan gero suna shanye amo, murya kan fito tas. Ya bi tasha da makirfo yana ɗaukar rurin babura, ya je kara ranar kasuwa ya ɗauko kukan shanu, ya sami katako biyu yana haɗa su da ƙarfi, ya ja sautin a kwamfuta har ya koma harbi. Kiɗan da ya fi ji da shi a kan wani ƙauye ne da aka faɗa wa, mutane suka watse, sannan saksofon ya shigo a hankali kamar uwa tana bin gonaki tana neman 'yarta. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne ihun 'yar. A daidai lokacin ne na je gida jinyar Inna, da ciwon ƙafa ya kwantar, na yi 'yan makonni. Yaya ya bi ni da naci safe da yamma. Na ce ni matar aure ce, ya tambayi mai gidan. Ya kira babanki, Malam, a gabana. Malam ya yi dariya ya ce in dai ihu ne ai ya san na iya, a ɗauka. Ki riƙe wannan, Maryama, don daga baya an ce a ɓoye na yi. Da izini na shiga ɗakin nan, da rana tsaka, ƙofa a buɗe.

Na yi ihu har maƙogwarona ya bushe, shi kuwa yana girgiza kai da abin sauraro a kunne.

"Saratu, wanga ba tsoro ba na. Awa wadda anka taka ma ƙafa a biki."

"To Yaya, tsoron mi zan ji? Buhu?"

"Ki tuna wani abu mai ban tsoro."

"Na tuna kai za ka gaji Baba. Ya isa?"

Ya ce in huta, in juya wa ƙofa baya, in rufe ido. Ashe tun safe ya kama ɓera a tarko ya ajiye a cikin gwangwani. Ina tsaye ido rufe sai na ji abu mai sanyi da farce ya faɗo mini a ƙafa ya haura zani. Ihun da na yi a lokacin, ina kiran Inna ta cece ni, shi ne wanda ya so. Ya yi tsalle yana cewa an samu, an samu. Mace mai ciki fa. Wannan shi ne kawunki.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na haɗa shi. Yaya ya kai kiɗan wurin wani mai tura wa mutane waƙoƙi a waya a kasuwar Tambuwal, wai a ɗanɗana kafin albam ya fito. Ko shi mutumin, ko wani da ya karɓa daga gare shi, ya ga busar ta yi tsawo kuma ba ta da kan gado, sai ya yanke ta ya bar farkon kawai: babura, shanu, harbi, da ni. Daga nan abin ya yi ta tsalle daga waya zuwa waya, kowa ya tura sai ya ƙara masa bayani. Kafin ya iso Kebbe ya zama muryar wata mata da 'yan bindiga suka ɗauke a hanya. Kuma a makon da ya wuce an faɗa wa wani ƙauye na bakin daji da gaske, an binne mutane, an kore shanu, kowa a gari yana cewa ba yadda za a yi su san hanya haka sai da ɗan gari mai kai musu labari. Mutane na neman wannan ɗan garin ido rufe. Sai ga murya da maƙwabta suka sani, ta matar da ta yi makonni ba a gan ta ba, ta ce wai tana Tambuwal, ta dawo da ƙibarta ba ko ƙwarzane, ba wanda ya ji an nemi fansarta.

Ban san ko ɗaya daga wannan ba lokacin da nake tsaye a gaban Ta Sanyinna. Ni dai na juya zan tafi rumfar in ce su kashe, sai 'yan sa-kai biyu suka tare ni, masu gadin gari da bindigogin gargajiya. Ɗaya ya ce, "Matar Malam Bello? Ana son ganinki zauren mai unguwa." Ba su taɓa ni ba, gaskiya. Amma tafiyar nan daga kasuwa zuwa zaure, mutane na biye da mu suna ƙaruwa, ba mai magana da ƙarfi, ban taɓa yin tafiya irinta ba. Na san abin da ake yi wa wanda aka ce shi ke kai labari daji. Kowa a ƙasar nan ya sani. Ba a cika jira a gama tambaya ba.

A zaure aka zaunar da ni a tabarma. Gwaggo, uwar Malam, ta iso da mayafi a karkace ta zauna kusa da ni tana jan carbi. Wanda ya yi tambaya shugaban 'yan sa-kai ne, wani dattijo dogo da ake kira Sambo Mai Gora. Ƙanensa yana cikin waɗanda aka binne a ƙauyen nan. Ya sa aka kunna wayar a gabana.

"Wagga murya taki ta?"

"Tawa ta, Baba."

"Kin bar garin ga kwanan baya?"

"Na tafi jinyar uwata Tambuwal."

"Wa ya biya anka sako ki?"

"Ba wanda ya biya, don ba wanda ya kama ni."

"To ƙaƙa anka yi kina kuka cikin baburansu?"

Sai na fara bayani. Maryama, ki gwada wata rana ki bayyana jaz ga mutanen da suka dawo daga maƙabarta. Na ce yayana makaɗi ne. Aka ce kalangu ko ganga? Na ce algaita ce ta ƙarfe. Aka ce ina algaitar a ciki, ba mu ji ba. Na ce an yanke. Aka ce wa ya yanke? Na ce ban sani ba. Na ce harbin katako ne, ihun kuma ɓera aka jefa mini. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita kamar ƙaryar da yaro ya shirya a guje. Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ji fa, har an koya mata abin cewa." Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa ga tsoro ga haushi, don gaskiyata ce ta fi kowace ƙarya kama da ƙarya, kuma ba ni na zaɓe ta ba.

Malam ya iso daga makarantar firamaren da yake koyarwa, alli a hannunsa har gwiwar hannu. Ya rantse cewa da izininsa aka ɗauki muryar. Aka ce miji ba ya shaidar matarsa. Ya roƙa a ba shi lokaci ya kira Tambuwal, Sambo ya ce a jira, ya sa mutanensa suka tsaya a ƙofa, ban sani ba ko don kada in fita ko don kada a shigo. Aka yi azahar muna nan. Gwaggo ta sa aka kawo mini ruwa. Ta tagar zauren ina jin hayaniyar waje tana tashi tana kwanciya, wani lokaci in ji sunana, wani lokaci in ji ihuna daga wayar wani.

Rana ta karkata sannan Baba da Yaya suka iso a kan babur ɗaya, ƙura har gira. Yaya ya rataya kwamfuta a gaba, a bayansa kuma doguwar baƙar jakar saksofon. Mutumin da aka ce masa ana zargin ƙanwarsa da hulɗa da 'yan bindiga, ya ratso taron mutane masu fushi da doguwar baƙar jaka a baya! Sai da aka nuna masa bindiga aka ce ya ajiye ya buɗe a hankali. Da aka ga abin da ke ciki wani ya ce, "Wanga wace irin ta?" Baba ya ce, "Irin da taka kashe uba da takaici ta."

Yaya ya durƙusa ya gaida dattawa, ya ce zai kunna kiɗan daga farko har ƙarshe don a fahimci labarin. Na ce, "Yaya, don Allah ka taƙaita." Ya ce ba a taƙaita shi, in an yanke ma'ana ta lalace, ai yankewar ce ta kawo mu nan. Haka muka zauna, ni da raina a hannun mutane, ana sauraron saksofon yana hawa yana sauka, yana shiga wani lungu yana fitowa, ga goge na Turawa na kuka a ƙarƙashi, ga wata ganga da ba ta tafiya daidai da komai. Yaya har ya lumshe ido yana kaɗa kai. Da ya ƙare, Sambo ya ce:

"Busa ta yi, mun ji. Amma ba ta wanke ta ba. Kowa na iya ɗauko kukan gaskiya shi ɗora mai algaita."

Maganarsa kuwa daidai ce. Sai a lokacin Yaya ya farka ya gane ba wasa aka kira shi ya yi ba. Ya buɗe wurin da yake ajiye sautukan ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa su. Ya kunna baburan su kaɗai, sai ga ɗan kamasho can ƙasa-ƙasa yana kiran Sakkwato saura mutum guda. Ya kunna harbin yadda aka ɗauke shi, katako ne ƙarara, har da tarinsa a bayansa. Sannan ya kunna nawa, ba yankewa. Aka ji ihun. Bayan ihun aka ji abin da ya cire: ni ina zaginsa zagin da ban san na iya ba, Inna daga tsakar gida tana cewa in ya ɓarar mata da cikin yarinya sai ta karya algaitar nan a kansa, Baba kuma yana tambaya wane mara mutunci ya kai ɓera cikin geronsa. Wani ɗan sa-kai ya fashe da dariya ya toshe baki. Gwaggo ta ajiye carbi ta dube ni, ta ce, "Ashe haka bakinki yake?"

Sambo bai yi dariya ba. Ya dubi Yaya ya daɗe.

"Ƙanena munka binne makon jiya. Kukan da matatai ta yi, ba ɓera anka jefa mata ba. Kai kuma ka zauna cikin buhu ka mai da shi kiɗi."

"Baba, don ku na yi shi. Don mutanen nesa su ji abin da aka yi muna."

"Mu mun ji, ba mu bukatar tuni. Abu biyu nika so. Wanga na ɓera, a kunna ma mutanen waje. Sannan ka cire muryar ɗiyag ga daga kiɗinka, nan gabana, in fita in ce masu na gani da idona. In ba haka ba gobe wani shi sake yankewa, shi kai wani gari inda ba ni."

Na farkon Yaya ya yarda nan take. Na biyun ne ya tsaya. Maryama, wannan tsayawar ita ce abin da ya sa har yau in kawunki ya zo ganinki nakan gaishe shi in shige ɗaki. Ba ta yi tsawo ba, amma na gan ta. Ya dubi kwamfutar, ya dubi dattijon, ya ce a hankali wai ihun nan shi ne zuciyar albam ɗin duka, in an cire shi busar ba ta da wanda take nema, ko za a bari ya rage ƙararsa kawai. Ina zaune a tabarmar mutane tun hantsi, ƙafafuna sun kumbura, taro na jirana a waje, shi yana cinikin ƙara. Baba ya buɗe baki, na riga shi.

"Yaya, muryata ta. Ba ni abata."

Ya dube ni kamar yanzu ya lura ina zauren. Ya danna, ya juya wa Sambo fuskar kwamfutar, ya sake kunnawa. Babura suka wuce, katako ya tashi, inda nake a da sai iska kawai. Na ji an ce haka albam ɗin ya fito daga baya, da ramin nan a ciki, kuma wai mutanen birni sun yaba wa shirun. Ni ban saurara ba, ba kuma zan saurara ba.

Aka aro sifikar wani mai tallar magani aka kafa a ƙofar zaure. Ina ciki ina jin dukan Kebbe na sauraron yadda nake zagin yayana a kan ɓera. Shirun waje ya fashe, dariya ta tashi, irin dariyar mutanen da suka sauke abu mai nauyi. Mutanen nan da ɗazu suke jiran a miƙa musu ni, yanzu suna cewa a maimaita wurin Inna. Sambo ya yi musu magana da ban ji duka ba, na dai ji ya ce kowa ya share abin daga wayarsa, wanda aka sake ji da shi kuma shi zai zo ya zauna a tabarmar.

Ana kiran la'asar ya dawo ciki. Ya tsaya a kaina, gorarsa a hannu, idonsa ja.

"Tashi ki tafi gida, ɗiyata. Babu komi kanki. Wanda ya taɓa ki, ni ya taɓa."

Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi. Sai da Malam ya kama hannu ɗaya, Gwaggo ta kama ɗaya. Ina da maganganu cike da baki, na dattijon, na Yaya, na matan kasuwa, na duk wanda ya tura abin nan bai tambayi kowa ba. Na buɗe baki in faɗe su, abin da ya fito shi ne, "Na gode, Baba. Allah shi saka da alheri." Har na ƙara da durƙusawa. An tsare ni yini guda a kan laifin da ba a yi ba, kuma ni ce na yi godiya.